Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Takalmin Soja Da Irin Wanda Ya Dace Da Zafin Ƙasarmu

  A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa wuri guda, domin kuwa tambayarsu ɗaya ce, ko da yake kowa da inda abin ya dame shi.

Ta farko ta fito ne daga hannun wani manomi a ƙaramar hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa. Ya ce bayan kaka ya sayar da wake, ya sayi baƙin takalmin nan mai tsawo irin na sojoji a wajen 'yan gwanjo, da nufin ya huta da ƙaya da kututturen dawa. Amma da bazara ta kama, ko mako biyu bai yi da shi ba dunduniyarsa ta yi bororo, tsakanin yatsunsa ya saɓule, dole ya tura shi ƙarƙashin gado ya koma wa takalminsa na taya. Shi ne yake tambaya, wai shin su sojojin da ke wuni da shi, ƙafarsu ta ƙarfe ce? Ta biyu kuwa daga Birnin Kudu take, daga wani ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye a kan babur, har zuwa kasuwar Sara. Shi kuma tarihin takalmin yake so, da shawarar irin wanda zai saya.

To malamai, mun gode da waɗannan tambayoyi. Amsar a taƙaice ita ce, takalmin soja ba iri ɗaya ba ne. Kowane iri da ƙasar da aka ɗinka shi dominta: akwai na sanyi, akwai na kurmi da taɓo, akwai na rairayi da zafin rana. Su kansu sojojin sai da suka sha irin wuyar da mai tambayarmu na Gwaram ya sha, har sau da yawa, kafin shugabanninsu su gane haka. Ga yadda abin ya faru.

Bari mu fara daga gida. Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Kano ta yi suna wajen jima da dukanci. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a shekarar 1851, ya kuma rubuta cewa bayan tufafi, takalma na cikin manyan kayan da ake yi a birnin ana kai su ƙasashe masu nisa. Ya ƙiyasta cinikin takalman kaɗai da wuri miliyan 10 a shekara. In kun lura, irin takalman da dukawanmu suka fi ɗinkawa buɗaɗɗu ne, watau fade da danginsa: ƙasa mai kauri don ƙaya da zafin rairayi, sama kuwa a buɗe don iska. Dogon takalmi mai rufe ƙwauri na mahaya dawaki ne, su da ba su taka ƙasa da nisa. Fatake da suka yi ta safara da ƙafa zuwa Gwanja sun san abin da ya dace da rani tun ba yau ba.

Aikin soja irin na Turawa kuwa ya fara ne a shekarar 1863 a Ikko, lokacin da wani hafsan jirgin ruwa na Ingila, John Glover, ya tara wasu Hausawa ya kafa ƙaramar runduna da su. Daga wannan ne sojan Nijeriya na yau ke lissafin asalinsa. A shekarar 1897 aka kafa rundunar Afirka ta Yamma, Lugga ya zama kwamandanta na farko. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, waɗannan sojoji ba a ba su takalmi ba. Akwai kaki, akwai jar dara, akwai ƙyallen da ake naɗewa a ƙwauri, amma tafin ƙafa a ƙasa yake. In kun ga tsofaffin hotunan fareti na wancan zamani, za ku ga Bature da takalminsa yana sheƙi, baƙaƙen fata kuwa a jere ƙafa ba komai. Rundunar da Kanar Morland ya taso da ita daga Zariya a ƙarshen watan Janairu na 1903, mai sojoji kimanin 700, wadda ta biyo ta Bebeji ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu, galibinta haka ta yi wannan tafiya. Turawan na cewa wai ƙafar baƙin mutum ta saba, kuma ya fi sauri in ba takalmi. Amma akwai batun tsimin kuɗi a ciki, akwai kuma nuna bambanci tsakanin mai mulki da wanda ake mulka.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, shi ya sauya wannan al'amari. A shekarun 1940 da 1941 sojojin Nijeriya suka yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su ƙasar Bama don yaƙar Japan. Dubban samari daga ƙasar Hausa na ciki, har ma Hausa ce harshen da aka daɗe ana amfani da shi a rundunar Nijeriya. Sunayen wuraren da suka yi gumurzu na nan a jikin barikokinmu: Mogadishu a Abuja, Arakan da Myohaung a Legas. A wannan yaƙi ne takalmi ya zama kayan aikin kowane soja namu.

To amma wane irin takalmi? Takalmin sojan Ingila na wancan lokaci na fata ne mai kauri, tsayinsa iya idon sawu, ƙasansa ma fata ce, an jera mata ƙusoshi, da ƙarfe kamar na kofaton doki a dunduniya. Tun wajen shekarun 1880 suke amfani da irinsa. A ƙasar sanyi da filin fareti ba shi da laifi. Amma ga mutumin da ya tashi yana taka ƙasa tun yarinta, wanda yatsunsa suka baje, ƙafarsa ta yi faɗi, shiga irin wannan takalmi azaba ce. A kurmin Bama kuma ruwa da laka suka riƙa ruɓar da fatar. Baƙin takalmin da ake gogewa yana ƙyalli, wanda idonmu ya saba gani har muke ce masa shi ne takalmin soja, jikan wannan ne. Mai tambaya na Gwaram, ka ji asalin abin da ka saya.

A daidai wannan lokaci, can a hamadar Masar da Libiya, zafi ya koya wa Turawa abin da fatakenmu suka daɗe da sani. A 1940 wani hafsa mai suna Ralph Bagnold ya kafa wata ƙaramar runduna mai ratsa sahara da mota. Ita ce, tare da dakarun Faransa daga Chadi, ta kai hari Murzuk a watan Janairu na 1941, garin da ayarin Kano da Barno suka riƙa yada zango a hanyar Tarabulus. Mutanen wannan runduna da yawa sun ajiye takalmin ƙusa sun koma sa buɗaɗɗen takalmin fata irin na mutanen arewacin Indiya, wanda bai da wani bambanci mai yawa da namu.

Wasu hafsoshin kuma suka shiga kasuwar Khan el-Khalili ta birnin Alƙahira, suka sa dukawan can su ɗinka musu wani gajeren takalmi marar nauyi. An yi shi da fata wadda aka juyo cikinta waje, mai laushi kamar gashi-gashi, launin ƙasa, ƙasansa kuwa ɗanyen roba. Sun kwaikwayo shi ne daga wani takalmin daji na mutanen Afirka ta Kudu. Wani matashin hafsa mai suna Nathan Clark, wanda gidansu ke da kamfanin takalmi na Clarks a Ingila tun 1825, ya ga irinsa a ƙafar hafsoshi a Bama, watau fagen dagar da samarinmu suka je. Da ya koma gida ya ɗinka nasa, ya baje shi a bikin baje kolin takalma na birnin Chicago a 1949, duniya ta karɓa. Shi ake kira takalmin hamada har gobe. Su ma Faransawa, daga 1947 suka fara ba sojojinsu na ƙasashen zafi takalmin kambas mai ƙasan roba, na kamfanin Palladium, wanda a da tayoyin jirgin sama yake yi.

Darasi mafi girma dai Amurka ce ta sha shi. A yaƙin Biyetnam na shekarun 1960, sojojinta sun yi amfani da takalmin kurmi: ƙasa fata, sama yadi mai ƙarfi, da 'yan ƙofofi biyu a gefe don ruwan da ya shiga ya fita. Daga baya aka ƙara masa fallen ƙarfe a cikin tafin, saboda tsinannun gora da abokan gaba ke kafawa a rami. A can ya yi aiki ƙwarai. To sai Iraƙi ta mamaye Kuwaiti ran 2 ga Agusta 1990, aka kwashi sojojin Amurka zuwa hamadar Saudiyya da wannan takalmi da kuma baƙin na fata. Nan take abin ya juye. Ƙofofin fitar ruwa suka zama na shigar rairayi. Fallen ƙarfen nan ya riƙa ɗaukar zafin ƙasa yana gasa tafin ƙafa. Baƙar fata kuwa ta riƙa shan rana. Babban kwamandansu, Janar Norman Schwarzkopf, da kansa ya matsa sai an yi sabo. Aka cire ƙarfen, aka toshe ƙofofin, aka yi shi da juyayyar fata mai launin ƙasa wadda ba ta bukatar gogewa, da yadi a gefe. Da yawa daga cikin sojojin ba su samu ba sai da yaƙin ya ƙare a watan Fabrairu na 1991. Daga wajen 2005 kuwa sojan ƙasa na Amurka ya bar baƙin takalmi a matsayin na aikin yau da kullum, ya koma wa mai launin ƙasa.

To jama'a, kun ga ƙasar da ta fi kowa kuɗi ma sai da ta yi kuskuren kai takalmin taɓo cikin rairayi. Saboda haka mai tambayarmu na Gwaram kada ka ga laifin ƙafarka. Yanzu sai mu dawo kan shawara, mu auna wannan tarihi da ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, inda zafin watan Maris zuwa Mayu kan wuce awo 40, ga duwatsu, ga tsakuwa, ga ƙarangiya da tsidau, ga kuma fadama.

Na farko, don rani da zirga-zirgar yau da kullum, nemi mai launin ƙasa, mai juyayyar fata a ƙasa da yadi a sama. Yadin shi ke barin gumi ya fita. Ka sa hannu a ciki ka shafa. In ka ji soso mai kauri, ko gashi kamar na tunkiya, to na ƙasar ƙanƙara ne, gwanjon Turai cike yake da irinsu. In mai sayarwa ya yi maka tallar cewa ruwa ba ya shigarsa ko kaɗan, ka sani iska ma da ƙyar take shiga, da bazara kuwa ƙafarka za ta dahu a cikin guminta. Jiƙar nan ita ke tausasa fata har ta yi bororo, ita ke kawo ƙaiƙayi da saɓulewar tsakanin yatsu.

Na biyu, ɗaga shi ka ji nauyinsa. Wani bincike da masanan sojan Amurka suka yi a 1969 ya nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kusan ninki 5 na irin wannan nauyi in a jiki aka ɗauke shi. Mai ƙarfe a baki, wanda ake yi wa ma'aikatan gini da masana'antu, ba na mai wuni yana tafiya a rana ba ne. Sai dai in aikinka dakon buhuna ne ko lodin mota, inda abu mai nauyi zai iya faɗo maka a yatsu.

Na uku, duba ƙasansa da kyau, nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Akwai wata irin roba mai kama da soso wadda in ta daɗe a ajiye takan ruɓe daga ciki, ko da ba a taɓa taka ta ba. Sai ka ga takalmi sabo fil, kwana uku ƙasan ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Danna ta da farce, ka lanƙwasa takalmin. In ka ga tsaga, ko gari na fita, ko tana danƙo, ajiye shi ko nawa aka rage maka, araha ba ta ado. Wanda aka ɗinke ƙasansa da zare ya fi wanda aka liƙa da gam kawai, domin zafin ƙasa da na salansar babur kan saki gam, kuma mai ɗinki baduku zai iya gyara maka shi a kasuwa. Ka lura kuma ya lanƙwashe a gindin yatsu, inda ƙafa ke lanƙwashewa. Mai manyan haƙora masu tazara na laka ne. Don tsakuwa da busasshiyar ƙasa matsakaitan haƙora sun isa.

Na huɗu, kada ka yi aike, je ka da ƙafarka. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura saboda wuni, kuma da irin safar da za ka riƙa sawa. Ka gwada duka biyun, don ƙafafun mutum ba su cika zama daidai ba. A bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin bakin takalmin da yatsanka mafi tsawo. Yatsu su iya motsi, dunduniya kuma kada ta riƙa zamewa sama da ƙasa. Wanda ya saba da silifas ko takalmin taya ƙafarsa na da faɗi, saboda haka ya nemi mai faɗin baki, kada ya yarda da zancen wai zai buɗe in an jima. Lambar da ke jiki ma kada ta ruɗe ka, ta Amurka daban, ta Ingila daban, ta sauran Turai daban.

Na biyar, ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon takalmi a fara da awa ɗaya ko biyu a rana, a riƙa ƙarawa har mako biyu, kafin a wuni da shi a kasuwa. Kada a sa shi ba safa. A samu safa biyu ko uku ana canzawa ana wankewa. Mu da muke cire takalmi don alwala sau da yawa a rana mun ma yi sa'a, ƙafa na shan iska, sai dai a tsane tsakanin yatsu kafin a mayar. Ɗan kasuwarmu na Birnin Kudu, in ɗaure igiya zai dame ka, akwai mai zif a gefe, amma ka sani ƙurar hunturu na cin zif, ka riƙa kaɗe shi. Da dare a cire shimfiɗar ciki a shanya a inuwa, kada a kusa da wuta. Mai juyayyar fata buroshi kawai yake so, ba a shafa masa man gogewa. Da safe kuwa, kafin ka zura ƙafa, kife shi ka bubbuga, kunama na son irin wannan ɗaki.

To akwai inda takalmin hamada ba zai wadatar ba, kuma wannan shi ne ya fi muhimmanci ga manomi. Yawancin saran maciji a ƙasarmu a ƙafa ne ko ƙwauri, kuma ya fi yawa lokacin shuka da noma da girbi. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa, ita ta fi yi wa manoman arewa maso gabas ɓarna, har akwai asibiti musamman na masu saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan ƙasashen zafi da aka yi sakaci da su. Siririn yadi ba abin dogaro ba ne a gaban haƙorin maciji. Saboda haka ranar yankan shinkafa a fadama, ko ɗaga dami, ko kwashe karan da ya daɗe a tare, dogon takalmin roba mai kauri wanda ya kusa gwiwa shi ne daidai, ko na fata mai tsawo, a saki wando a kansa. Zafi gare shi, gaskiya ne, amma zafin awa uku ya fi jinyar wata guda. Haka kuma ranar feshin maganin ƙwari ko na ciyawa, na roba za a sa, domin fata da yadi na shan maganin su riƙe shi a jikin ƙafa. In kuwa tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a garzaya asibiti.

Sai masu ciwon sukari. Su ƙafarsu kan rage jin zafi, takalmi na iya yi musu rauni ba su sani ba, ƙaramin rauni kuwa ya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Su duba ƙafarsu kullum da dare, su lalube cikin takalmi da hannu kafin su sa, ko akwai tsakuwa ko ƙusa.

Daga ƙarshe, ga gargaɗi. Doka ta hana farar hula sa kayan sarki yadda za a ɗauka shi soja ne, hukumar soja kuma ta sha jan kunne a kan haka. Mai bin hanyar Kano ko ta Bauci ya san akwai shingayen bincike. Ka sayi takalminka marar zanen kakin soja, kada kuma ka haɗa shi da wando ko hula mai irin wannan zane, don kada ka sayo wa kanka magana da kuɗinka.

To malam na Gwaram, kada ka yar da baƙin takalminka. In ƙasansa na da kyau kuma bai matse ka ba, shafa masa mai ka ajiye shi don sanyin hunturu da ranar aikin kara. Takalminka na taya kuwa kada ka raina shi, a tsakiyar bazara a kan hanya mai tsabta har yanzu da wuya a samu wanda ya fi shi sanyi. Kai kuma na Birnin Kudu, mai launin ƙasa, marar nauyi, mai ɗinkakken ƙasa, shi ne naka.